"Kai!": Kira Ne Ko Raini?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Maganarmu ta yau a kan kalma ɗaya ce, wato "kai!" Matasa sun mayar da ita mabuɗin baki, a titi, a kasuwa, a waya, har a nan zaure. Wasu sun ce raini ce tsagwaronta, wasu sun ce kira ne kawai kamar kowane kira. Masu sani su warware mana: ga wa ake faɗinta, a ina take zama daidai, a ina take jawo rigima, kuma me ake sawa a madadinta. A kiyaye harshe don Allah.

Malamin Nahawu:
Wa alaikumus salam. Kafin a yanke mata hukunci sai an raba ta, domin "kai" ɗin da muke rubutawa da haruffa uku ba guda ba ce. Akwai kai na jiki, wanda ake ɗora wa hula. Akwai aikatau, kamar "kai masa abinci" ko "mun kai Zariya". Waɗannan biyu ba ruwanmu da su yau. Saura biyu su ne ake cakuɗawa.

Na farko wakilin suna ne, abokin "ke" da "ku". Karinsa na sama ne, murya tana tsayawa a sama ba ta sauka. Shi ne na kira: "Kai, zo nan."

Na biyu kalmar motsin rai ce. Karinta faɗau ne, murya ta hau sannan ta gangaro, kuma yawanci ana ɗan jan ta. Ita ce ta mamaki, ko shakka, ko takaici, ko jin daɗi: "Kai, wannan shinkafa ta yi tsada!"

Gwajin da zai raba maka su ba wuya. Ɗauki jimlar ka faɗa wa mace. In dole sai ka canza zuwa "ke", to na kira ne. In ta zauna daram ba canji, na motsin rai ne. Kana iya cewa "Kai, Hajiya, ai wannan kuɗin ya yi yawa", ba wanda zai ɗaga gira. Amma "Kai Hajiya zo nan" ɓatacciyar Hausa ce, kuma ɓataccen ladabi. Galibin rigimar da ake yi a kan na kiran ne, na motsin rai bai taɓa kowa ba.

Uwargida:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma ni a ganina abin bai kai ga karin sama da faɗau ba. A gida doka ɗaya ce: "kai" da "ke" daga sama suke gangarowa. Uba ga ɗa, uwa ga 'ya, wa ga ƙane, malami ga almajiri, maigida ga yaron shago. Ba sa hawa sama ko da wasa. Yaron da ya ce wa yayansa "kai" a gaban uwa ya san sauran. Ko tazarar shekara ɗaya ce tsakaninsu, "Yaya" zai ce.

Sannan akwai inda "kai" ɗin ma kunya ce ta kawo ta. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari. In yaron ya ci sunan kakansa, wato surukinta, nan ma ba ta faɗa, shi ya sa gidaje suka cika da Abba da Ummi da Baffa. Kafin laƙabin ya kama, me za ta ce? "Kai, wannan yaron, miƙo min ludayi." Baƙo zai ɗauka faɗa take yi, alhali alkunya ce. Ita kuwa mace ga mijinta, ba suna, ba "kai". "Malam", ko "Maigida", ko "Baban wance", ko ta ce "Ka ji" ta yi shiru har ya waiwayo.

Malamin Nahawu:
Hajiya, ba mu saɓa ba. Abin da na ƙara kawai shi ne yaron nan da aka hana shi "kai" na kira yana iya cewa "Kai, Baba, yau an yi rana!" kuma ba a mare shi ba.

Uwargida:
Ba a mare shi ba in ya ja ta. In ya datse ta, a mare shi.

Ɗan Kwari:
Hajiya ta faɗi gaskiya, datsewar ce matsala. Bari in kawo ɓangaren kasuwa, don a nan ne kira yake zama kuɗi ko asara.

A Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari ba mai shagon da ya san abin da yake yi da zai ce wa mai wucewa "kai". Wannan ta yaron shago ce da ɗan dako, su ma ɗin in sun girme ka sai ka sa "Baba" ko "Malam". Ga mai saye kuwa, ƙa'idar da ake koya wa sabon yaro ita ce: namiji ka ɗaga masa matsayi, mace ka rage mata shekaru. Saurayi mai tsabta "Yallaɓai" ko "Oga". Magidanci "Alhaji", ko ya je Makka ko bai je ba, ba mai tambayarka fasfo. Mai gemu da ɗangalallen wando "Ustaz" ko "Malam". Tsoho "Baba". Mace matashiya "Anti" ko "Amarya", wadda ta manyanta "Hajiya", in kana son ta yi murmushi "Hajjaju". Kuskuren da sababbin yara suke yi shi ne su ce wa mace 'yar shekara talatin da wani abu "Mama". Ba za ta tanka ba, shagon gaba za ta shige.

Abu na biyu, kira ba ya tsayawa shi kaɗai. Ka ce "Hajiya" ka yi shiru, ka bar ta da tambayar ko bashi kake bin ta. Sai ka haɗa da dalili nan take: "Hajiya, shigo ki gani, akwai sabon leshi." Kira, dalili, sannan ka matsa ka ba da hanya. Ba a kama hannu, ba a jan mayafi, ba a tare gaba.

Masu talla kuma da hajarsu ake kiran su: mai ruwa, mai goro, mai gyaɗa, mai fura. Ba raini a ciki, sunan sana'a ne. Rainin yana shigowa ne in ka liƙa "ke" a gaba ga matar da ta isa ta haife ka. "Ke mai gyaɗa" ga yarinya 'yar talla daidai ne. Ga dattijuwa sai "Baba mai gyaɗa" ko "Iya".

Mai Ɗan Sahu:
Ni ma bari in sa baki ta fuskar titi. Tun da aka hana goyo a babur a Kano a farkon 2013, A Daidaita Sahu ya zama abin hawan kowa, kuma kullum ana faɗa a kan kira.

Gaskiyar magana direba ba ya jin "kai" ɗinka. Ƙarar inji tana ƙarƙashinsa, ga hon, ga rediyo. Hannu yake kallo. Miƙa hannun dama, tafin yana kallon ƙasa, ka kaɗa yatsu. Abin da ke ɓaci shi ne mutum ya ɗaga tafi sama ya ware yatsu biyar yana fuskantar direba. Wannan daƙuwa ce, ko da ba ka nufa ba, kuma akwai wanda zai taka birki ba don ya ɗauke ka ba. Haɗe yatsun. Kada ka yafito da hagu, kada ka yafito babba da yatsa ɗaya.

In ya rage gudu, ba sai ka ce "kai" ko "mai keke" ba, sunan unguwa za ka faɗa: "Kabuga!", "Bata!", "Hotoro!" Shi ne kiran, shi ne cinikin. In za ka sauka kuma kalmar ita ce "akwai", ko "akwai sauka". Faɗe ta tun da sauran turakun lantarki biyu kafin wurin. Wanda ya bari sai an zo daidai kan kwana sannan ya daka "Kai! Kai! Tsaya!" shi ne ke sa direba ya yanke hanya ba sigina, na baya ya shigar masa, ko ya tsaya inda jami'an hanya suka hana. A bas kuwa ba direba ake kira ba, kwandasta ake gaya wa, shi ya buga jikin mota.

Ɗan Majalisar Shayi:
Dattawa kuna ta magana kamar kowa da kowa baƙon juna ne. Tsakanin abokai "kai" gaisuwa ce. "Kai baaba, ya ne?" "Kai mutumina, kwana biyu." "Kai ɗan gari!" In abokinka na ƙut da ƙut ya zo ya ce maka "Malam wane, ina wuni", to ka bincika, ka yi masa laifi. Ladabin nan da kuke yabo, a majalisa alamar an ja baya da kai ne.

Kuma kalmomin da ake ɗorawa suna juyawa da zamani: baaba, mazaje, oga, ciyaman, shugaba, babban yaya. Duk kambamawa ce ta wasa. Sharaɗi ɗaya ne, ku zama tsara kuma kun saba. Ka ce wa wanda ba ka sani ba "kai baaba" a layin banki, ya danganta da wanda ka taka.

Ɗan Kwari:
Ƙanena, ka ce tsara. To ai maganar Hajiya ce ka maimaita, ka dai ƙara cewa tana tafiya a kwance ban da gangarowa.

Ɗan Majalisar Shayi:
Na yarda, Yaya. Amma ku ma ku yarda "Malam" ɗin da kuke ganin ba ta da laifi ita ma ana buɗe faɗa da ita. "Malam, lafiya?" "Dalla Malam matsa." Wanda aka gaya wa haka bai ji an girmama shi ba.

Malamin Nahawu:
Wannan batu ne mai kyau, a tsaya a kansa. Abin da ya biyo bayan kiran ya fi kiran nauyi. Ga ƙananan kalmomin da ke sassauta shi: "ɗan", "mana", "don Allah", "yawwa". Gwada ku ji bambanci. "Kai, zo." "Kai, zo mana." "Kai, ɗan zo don Allah." "Yawwa, ɗan zo ka ji." Umarni ɗaya ne, amma na farko na ubangida ne, na ƙarshe kuwa ko wanda ba ka sani ba zai zo bai ji komai ba.

Masu tsananta shi kuma: "dalla", "wai", da maimaita "kai" a ƙarshe. Abin lura, "dalla" daga "don Allah" aka gutsuro ta, amma aikinta ya juye gaba ɗaya, roƙo ya koma tsawa. "Wai kai" kuwa share fagen tuhuma ne, duk abin da zai biyo baya ƙorafi ne: "Wai kai ba ka ji ne?" In aka ce "kai ɗin", an kai maƙura: "Kai! Eh, kai ɗin."

Maimaitawa ma kala biyu ce. "Kai kai kai!" da sauri, a datse, hani ne: yaro zai taɓa wuta, akuya ta sa baki a tire, mutum biyu sun cakumi juna. "Kai, kai, kai" a hankali ana girgiza kai, wannan jimami ne ko mamaki. Sai 'yan uwanta da ba na kira ba ne sam, kada a haɗa: "kayya" ta shakka, "kash" ta takaici, "kaico" ta nadama. "Kai ina!" ƙin yarda ne. "Kai dai bari" kuwa goyon baya ne, kuma ga mace "ke dai bari" ake cewa, kun ga ta faɗa ɓangaren wakilin suna.

Uwargida:
Kun ambaci akuya, to a nan ciwon yake. Da kalmar da ake korar akuya da kare ake kiran mutum, dole wanda ya san darajar kansa ya ji wani iri. Shi ya sa za ka ji an mayar da martani da "Ba ni da suna ne?" ko "Kai ɗin wa?"

A koya wa yara amsawa ma, don rabin tarbiyyar a nan take. Babba ya kira, amsa "na'am" ce, sannan ka taso. Ba "iye?", ba "me?", ba "eh?" daga ɗaki. In kana nesa ka ce "na'am, ga ni nan zuwa". Kuma in babba ya kira sunanka sau uku a jere yana kallonka, ya ce "sau nawa na kira ka?", ba aike ba ne, kashedi ne zai biyo baya, sai ka nutsu.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka da alheri. Addini bai bar wannan babin ba. A Suratul Hujurat, aya ta 4, an zargi masu ƙwala wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kira daga bayan ɗakuna, aya ta 11 kuma ta hana jifan juna da munanan laƙubba. Wanda yake kiran mutum da "kai gurgu" ko "ke baƙa" ya duba wannan. A Suratu Luƙman, aya ta 19, an yi umarni da sassauta murya.

Ga mai zuwa ƙofar gida, kiran da shari'a ta sani sallama ce, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 27. Sau uku ake neman izini, in ba a amsa ba a koma, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ba a tsayawa saitin ƙofa ana leƙe, gefe ake tsayawa. In aka ce "wane ne?" ka faɗi sunanka, kada ka ce "ni ne", an ruwaito ƙin hakan a hadisin Jabir. A al'adarmu namiji yana tsayawa a zaure ya aika yaro, "ka ce ana sallama da maigidan". Mata su ne ke shiga da "gafaranku dai" ko sallama. Wanda ba ka san sunansa ba kuma, "bawan Allah" da "baiwar Allah" sun wadatar, ba wanda zai ce ba shi ba ne.

Ɗan Agege:
Mu da ke kudu namu ciwon daban ne. A Legas "aboki" ce ta zama "kai". Da ita ake kiran mai gadi, mai gyaran takalmi, mai suya, ɗan canji, duk wanda aka ga alamar ɗan Arewa ne. Da yawa masu faɗin ba su nufin sharri, sun ɗauka ma zumunci ne. Abin da ba su sani ba, Bahaushe ba ya kiran mutum da "aboki" tsurarta. "Abokina" yake cewa, da "na" ɗin da ke nuna akwai alaƙa. In aka cire shi, kalmar ta zama tambarin jinsi, har wasu suna amfani da ita da ma'anar wanda bai waye ba. Shi ya sa dattijo mai jikoki yake jin zafi in yaro ƙarami ya ce masa "aboki, zo".

Ita kuwa "kai!" ta mamaki ta shiga bakin kowa a nan, masu Turancin buroka suna faɗinta ba tare da sun san ta Hausa ce ba. Wani abin kuma, waɗanda suka tsinci Hausa a kasuwa sukan ce wa mace "kai" ko "ka zo". Wannan ƙarancin harshe ne, a gyara musu cikin raha, ba abin faɗa ba ne.

Sai kiran "sss" da ake yi da haƙora. A nan da shi ake tsayar da mai talla da ɗan acaba, kuma yana ratsa hayaniya fiye da murya. Matsalarsa biyu: ba ya zaɓar mutum, goma za su waiwayo, kuma in ka yi wa mace ta ɗauke ka ɗan iska.

Uwargida:
Kuma a bambance shi da tsaki. "Sss" iska ce ake turawa waje, tsaki ja ake yi ciki. Yaro ya kuskure ya yi na biyun a bayan babba, ba mai sauraron bayaninsa. Fito ma haka, ba a kiran mutum da shi, da dare kuwa har tsoratar da yara ake yi cewa aljanu yake kira.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga wannan ɓangare. Dokar babba da yaro ɗaya ce har nan. Abin da zan ƙara shi ne "yaka" ga namiji, "yaki" ga mace, wato zo nan. Kira ne da umarni a haɗe, kuma ya fi "kai, zo" taushi, kaka tana yi wa jika, miji yana yi wa mata. Shi ma dai ba ya hawa sama. Haka "ungo" in za ka miƙa abu: ga yaro ko tsara ne, babba sai "ga shi", da hannu biyu ko na dama.

Malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan Nijar "Mushe" ake kiransa, daga Faransanci. Ɗalibin da ya tsallaka Katsina ko Kano ya kiyaye, can mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. A waya "alo" muke cewa inda kuke cewa "halo". Mai babur ɗin haya kuma "kabu-kabu" za ka ƙwala masa.

Ɗan Fada:
A fada ba a neman hankalin Sarki da kira ko kaɗan. Ka cire takalmi, ka zube, ka yi gaisuwa: "Ranka ya daɗe", "Allah ya ja zamanin Sarki". Dogarai su ne za su amsa maka da "Sarki ya gaishe ka". Kalmomin jan hankali a bakinsu suke, "hattara" in akwai tudu ko mataki a gaba, "gyara kintsi" in za a zauna ko a daidaita riga. Ita "hattara" ɗin ita ce nake ba matasa shawara su riƙe. In babba zai taka abu ko mota na tahowa, "Baba, hattara!" ta yi aikin "kai!" ba tare da an ɓata ba.

Mai Ɗan Sahu:
Ranka ya daɗe, a nan kam ban bi ka ba. "Baba, hattara" gaɓa biyar ce, "kai" gaɓa ɗaya. Tirela tana baya da baya, tsoho yana bayanta, wa ke da lokacin gaɓa biyar? Ka daka masa "kai!" ya yi tsalle, daga baya ka ba shi haƙuri. Masu kura a kasuwa ma da suke cewa "gafara, gafara" ba a motsawa, sai sun ce "ruwan zafi!" kowa ke darewa.

Uwargida:
Na ba ka wannan, amma da sharaɗin haƙurin ya biyo baya kafin ya gama waiwayowa. Kuma tirela ce, ba wai ya manta canjinsa a kan kantar shago ba.

Shugaban Zaure:
Saura rubutu. Yawancin saɓanin da muke sasantawa a nan zaure daga "kai" ɗin da aka rubuta ne, ba wanda aka furta ba.

Malamin Nahawu:
Dalili shi ne rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, don haka mai karatu shi ke sa wa kalmar murya, kuma in ransa a ɓace yake, muryar faɗa zai sa mata. Alamomin rubutu su ne kawai madogara. In mamaki kake nufi, sa waƙafi ka bi da abin da ya ba ka mamaki: "Kai, wannan labari da ban tsoro." In ka rubuta "Kai!" ita kaɗai a ƙarƙashin maganar mutum, ba ya da hanyar sanin yabo ne ko tsawa. In kira ne, a zaure mai mutum ɗari ba ta da amfani sam, kama suna ko ka danna amsa a kan saƙonsa. Kuma "Kai wane" ba waƙafi, a farkon saƙo, kusan kullum ana karanta ta a matsayin neman faɗa, ko da "barka da shan ruwa" ce ta biyo baya.

Ɗan Majalisar Shayi:
Mu mun riga mun warware wannan, Malam. Ta mamaki "kaii" muke rubutawa, ko "kaiii" in abin ya yi yawa. Ta kira mu bar ta "kai".

Malamin Nahawu:
A jarrabawa zan soke ta da jan biro. A waya kuwa tana aiki, don ta nuna jan da Hajiya ta ce shi ke hana mari. Amma ga wanda ya girme ka, ko "i" goma ka jera, cire ta ka fara da sallama.